Jami'ar Wudil: Tarihin Makarantar da Aka Shekara 13 Ana Jira

Duk wanda ya taso daga Kademi ko Ajingi ya biyo ta Gaya zai shiga birni, kafin motarsu ta kai cikin garin Wudil zai wuce ta ƙofar wata babbar makaranta a bakin titi. Direbobi da 'yan kamasho har gobe "Kust" suke ce mata, amma a takarda sunanta yanzu Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Ga yaron da ya gama sakandare a wannan yanki, tana cikin jami'o'in da suka fi kusa da ɗakin mahaifiyarsa. Da yawa daga cikin masu cike fom ɗin JAMB a Gaya suna zaɓarta ne saboda wannan kusanci kawai, ba tare da sun san dalilin kafa ta ba, ko irin karatun da aka gina ta dominsa.

Sanin wannan tarihi yana da amfani ga mai neman gurbi da kuma iyayensa, domin kowace jami'a da matsalar da aka kafa ta don ta warware. In ka san matsalar, za ka gane ko kai da makarantar kun dace, tun kafin a sayar da buhunan gero a biya maka kuɗin rajista.

Tun kafin boko

Bari mu ɗan koma baya. Labarin baka da ya shahara a ƙasar Kano yana cewa mutanen farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala maƙera ne da suka zo daga Gaya neman tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Su ake kira Abagayawa. Masu binciken tarihi ta hanyar tono sun samu ragowar matoyar tama a Dala, kuma gwajin shekaru da aka yi ya nuna tun wajajen ƙarni na 7 ake wannan aiki a wurin.

Wanda ya yi kemistiri ya san aikin nan ba wasa ba ne. Ƙarfen da ke cikin tama a ɗaure yake da iskar oksijin. Kafin a raba su, sai an jera tama da gawayi a cikin matoya, a yi ta zuga wuta har zafinta ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, iskar da gawayin ke fitarwa ta janye oksijin ɗin, ƙarfe ya taru a ƙasa. Mutanen nan ba su da ma'aunin zafi, launin wuta da ƙarar zuga-zugi suke karantawa. Saboda haka fasaha ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Abin da ya zo a makare shi ne makarantar da za ta koyar da ita a rubuce, ta kuma ba da shaidar da gwamnati da kamfanoni suka yarda da ita.

Yadda Kano ta makara

Makarantar boko ta farko a Kano ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909. Manufar Turawan mulkin mallaka a lokacin ita ce samar da malaman ofis da ma'aikatan En'e. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 malaman makaranta take horarwa. Makarantar Shari'a ta Kano da aka kafa a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, alƙalai da malaman Larabci take fitarwa. Duk ayyuka ne masu daraja, amma babu injiniya ko masanin ƙasa a ciki.

Ko da aka zo maganar jami'a, Kano ta fara ne ta wannan ƙofa. A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya wa ta Kano suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen Zariya mai kula da Larabci, addinin Musulunci, harsuna da tarihi. Injiniyanci da aikin gona da likitanci duk suna Zariya. Sai a tsakiyar shekarun 1970 aka fara shigo da kwasa-kwasan kimiyya Kano, sannan a 1977 kwalejin ta tsaya da ƙafarta a matsayin Jami'ar Bayero.

A tsakanin nan abubuwa biyu suka faru da suka tona asirin giɓin. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa ɗimbin ma'aikata 'yan kudu masu aikin injuna, jirgin ƙasa, lantarki da asibiti sun bar Arewa. Sannan a ranar 27 ga Mayu 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Baƙo ya zama gwamna, ya shiga manyan ayyuka irin su Dam ɗin Tiga da noman rani na Kadawa. Kuɗin aiki akwai, musamman da farashin man fetur ya tashi bayan 1973, amma 'yan jiha masu ilimin tafiyar da ayyukan kaɗan ne ƙwarai. Sai an ɗauko injiniyoyi da likitoci da malaman kimiyya daga Indiya, Pakistan, Masar, Ingila da sauran wurare.

Har a gona an ji jiki. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ƙwarin darɓa suka yaɗa a gonakin gyaɗa a 1975, sun taimaka wajen kawo ƙarshen dalar gyaɗa da Kano ke tinƙaho da ita. Irin wannan masifa, masu binciken iri da ƙwari da ƙasar noma ne ke tarar ta, kuma su ne jihar ba ta da su da yawa.

Dawakin Kudu da Dawakin Tofa

Amsar farko da Kano ta bayar ba jami'a ba ce. Masu tsara tattalin arzikin jihar a zamanin Kanar Sani Bello, cikinsu har da Dokta Ibrahim Ayagi wanda ya riƙe kwamishina a lokacin, sun lura cewa ko an buɗe gurabe dubu a jami'a, yaran Kano ba za su cike su ba, domin kaɗan ne ke fita sakandare da sakamako mai kyau a fiziks, kemistiri da lissafi. Saboda haka a 1977 aka kafa hukuma ta musamman, aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A 1981 aka buɗe ta mata a Taura.

Tsarin mai sauƙin fahimta ne. A bi makarantun jihar a yi jarrabawa, a tsamo yaran da suka fi ƙoƙari, a kai su makarantar kwana mai ɗakunan gwaje-gwaje da malamai isassu, a tilasta musu darussan kimiyya. Ba kowa ya so abin ba. Shugabannin makarantu sun yi ƙorafin ana kwashe musu zaratan ɗalibai, wasu jami'an ilimi kuma suna ganin an fifita 'yan tsiraru a kan sauran yara. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan shekaru goma na farko na waɗannan makarantu, ya kuma bi diddigin wannan taƙaddama. Ko me za a ce, sakamakon ya fito fili: in ka shiga manyan asibitoci da ma'aikatun Kano da Jigawa a yau ka tambayi likitoci da injiniyoyi inda suka yi sakandare, za ka ji sunan Dawaki sau da yawa. Yankinmu ma ya samu rabonsa daga baya, don ga Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule a Gaya, ga ta 'yan mata a Garko.

To, nasarar ce ta haifi sabuwar matsala. Yara sun fara fitowa da kiredit a kimiyya, ina za su? Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello na gwamnatin tarayya ne, kuma tun da aka kafa JAMB a 1978 ake raba gurabe bisa ƙa'ida ta ƙasa baki ɗaya: wani kaso don cancanta, wani don jihohin da ke kewaye da jami'ar, wani don jihohin da aka bari a baya a ilimi. Gwamnan Kano ba shi da ikon ya ce a ƙara gurbin injiniyanci don 'yan jiharsa. Ga shi kuma kundin tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar kafa nasu jami'o'in, har Jihar Ribas ta buɗe tata ta kimiyya da fasaha a 1980, wasu jihohin kudu suka bi sahu. A Arewa shiru.

Kwamiti bayan kwamiti

A 1988, zamanin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida, gwamnatin Kano ta kafa kwamitin da zai duba yiwuwar kafa jami'ar jiha. Wanda aka ba shugabancinsa shi ne Farfesa Ibrahim H. Umar, masanin fiziks, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya kuma zo ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Zaɓen masanin fiziks ya nuna inda aka dosa tun farko. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1989 yana ba da shawarar a kafa jami'ar. Aka sake naɗa wani kwamitin ƙwararru ya duba rahoton, sannan aka naɗa na aiwatarwa, aka sa ran za a fara a 1991.

Ba a fara ba. In ka duba zamanin, ba za ka yi mamaki ba. Tun 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, kuma jami'ar kimiyya kayan aikinta kusan duk daga waje ake sayo su da dala. A ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jigawa daga Kano, aka shiga rabon ma'aikata da kadarori, har makarantar Taura ta faɗa ɓangaren sabuwar jiha. A Janairun 1992 Kabiru Ibrahim Gaya, ɗan wannan yanki kuma masanin zanen gine-gine, ya zama gwamnan farar hula, amma bai cika shekara biyu ba Janar Sani Abacha ya rushe gwamnatocin farar hula a Nuwamban 1993. Daga nan zuwa 1999 kantomomin soja uku aka yi a Kano. A tsakanin nan Jihar Binuwai ta riga kowa a Arewa, ta kafa tata jami'ar a 1992.

Ka yi lissafi: yarinyar da aka haifa a Kademi shekarar da aka kafa kwamitin farko, ta gama firamare kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya. Rukuni goma sha wani abu na masu gama sakandare sun wuce a wannan jira. Wasu sun samu Zariya ko Bayero ko Bauchi, wasu sun tafi kwalejin fasaha ko ta horon malamai, wasu kuma sun koma gona da kasuwa da takardar kiredit ɗinsu a cikin akwati.

Afrilun 2001

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta ɗauko maganar daga inda aka ajiye ta. A kundin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, shekarar kafuwar jami'ar ita ce 2000, karatu kuma ya fara a Afrilun 2001. Kwankwaso kansa ba baƙo ba ne a Wudil, don a makarantar koyon sana'a ta garin ya fara karatun fasaha kafin ya wuce Kano da Kaduna.

Wudil ta dace ta fuskoki da dama. Tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birni, ta kuma daɗe da makarantun horon malamai da na sana'a. Kogin da ya ratsa ta, wanda ruwan Kano da na Challawa suke haɗuwa su zama shi kafin ya nufi Haɗeja, ya tara masunta da manoman rani. Karar shanunta ta ranar Juma'a tana cikin manya a Arewa. Makarantar Horon Manyan Jami'an 'Yan Sanda ma a nan take, wadda aka ɗaga darajarta zuwa mai ba da digiri a 2012. Ga mai koyon aikin gona ko kiwo ko albarkatun ruwa, abin da zai yi bincike a kai yana bakin ƙofa.

Jami'ar ta fara da ƙanƙanta sosai: ɗalibai ba su kai ɗari ba, tsangayoyi biyu kacal. Ɗaya ta aikin gona da fasahar noma, ɗaya ta kimiyya da koyar da kimiyya. Wannan zaɓi yana faɗa maka abin da aka fi jin zafinsa. Noma shi ne sana'ar mafi yawan mutanen jiha. Malaman kimiyya kuwa su ne maganin ciwon da aka gano tun 1977, domin makarantun Dawaki ba za su ɗauki kowa ba, sauran ɗaruruwan makarantun kuma sai da wanda zai tsaya gaban allo ya koyar da fiziks. Cikin waɗanda suka riƙe jami'ar a shekarunta na farko akwai Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, injiniyan sadarwa da ya zo ya shugabanci Hukumar Sadarwa ta Ƙasa daga 2015 zuwa 2023.

Daga biyu zuwa shida, daga Kust zuwa Dangote

A hankali aka riƙa ƙari. Aka buɗe tsangayar injiniyanci, mai sassa irin su injiniyancin gine-gine da hanyoyi, na lantarki da na injuna. Aka buɗe ta nazarin ƙasa da muhalli, inda ake karanta zanen gine-gine, tsara birane, labarin ƙasa da ilimin duwatsu da ma'adinai. Lissafi da kwamfuta suka samu tasu tsangayar, koyar da kimiyya da fasaha ma ta tsaya ita kaɗai, har tsangayoyin suka kai shida, aka kuma buɗe makarantar karatun gaba da digiri. Ɗalibai suka tashi daga ƙasa da ɗari zuwa dubbai. Yawancin sababbin gine-ginen da za ka gani a jami'o'in gwamnati a wannan zamani, har da na jihohi, da kuɗin asusun TETFund ake yin su, wanda harajin da kamfanoni ke biya yake cikawa.

Alhaji Aliko Dangote ya daɗe yana riƙe da muƙamin uban jami'ar, kuma a 2022, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka sauya mata suna zuwa nasa. Nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware, don mun sha jin iyaye suna tambaya ko Dangote ya saye ta. A'a. Jami'ar ta Gwamnatin Jihar Kano ce har yanzu. Uban jami'a muƙamin girmamawa ne, shi ke jagorantar bikin yaye ɗalibai, yana kuma iya taimakawa da aljihunsa da sunansa. Tafiyar da harkokin yau da kullum aikin shugaban jami'a ne da majalisar malamai, albashi kuma daga baitulmalin jiha yake fitowa. Don haka kada a ɗauka tsadarta irin ta jami'o'in kuɗi ce, kada kuma a ɗauka duk wanda ya gama aiki na jiransa a matatar mai ta Legas.

Kuma yanzu ba ita kaɗai ba ce a fage. A 2011 gwamnatin tarayya ta buɗe jami'a a Dutse, maƙwabciyar Gaya ta gabas. A 2012 Kano ta kafa jami'arta ta biyu, Northwest, a cikin birni. Yaron Ajingi na yau yana da zaɓin da yayyensa na 1995 ba su ko yi mafarkinsa ba.

Me wannan tarihi ke faɗa wa mai neman gurbi?

Na farko, jami'ar kimiyya ce tun daga tushe. In burinka aikin lauya ne, ko aikin jarida, ko nazarin Hausa da Larabci, Bayero ce ta daɗe a wannan fage. Wudil an gina ta ne don mai son gona, injin, gini, kwamfuta, ɗakin gwaji, ko koyar da waɗannan. Kada ka zaɓe ta don kawai kuɗin mota kaɗan ne, ka je ka maƙale a kwas ɗin da ba ka so.

Na biyu, ƙofar shiga tun aji huɗu na sakandare ake buɗe ta ko a rufe. Ƙa'idar da aka saba ita ce kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da lissafi, sauran kuma a darussan da suka shafi kwas ɗin. Mai son injiniyanci ba makawa sai da fiziks da kemistiri. Mai son aikin gona sai da kemistiri da bayoloji ko darasin noma. Kuskuren da ya fi cin yaran karkara shi ne haɗa darussan JAMB ba daidai ba, sau da yawa saboda mai shagon kwamfuta ne ya zaɓa musu. Yaro ya ci maki mai kyau, amma a ƙi ɗaukarsa don bai zauna fiziks ba. Kundin kwasa-kwasan JAMB yana intanet kyauta, ka karanta shi da kanka ko ka kai wa malaminka kafin a danna komai. Wanda kuma ya biyo ta difloma ko NCE ko IJMB, akwai hanyar shiga kai tsaye zuwa aji biyu.

Na uku, ka tambayi matsayin kwas ɗin, ba sunan jami'ar kaɗai ba. NUC kwas-kwas take tantancewa, tana duba yawan malamai da kayan gwaji da ɗakin karatu, kuma takan sake zuwa bayan 'yan shekaru. Injiniyanci yana da ƙarin tantancewar hukumar COREN, zanen gine-gine kuma ta ARCON. Wannan tambaya ce da ta dace ka yi a kowace jami'a a Najeriya, kuma ba rashin kunya ba ce.

Na huɗu, gurbi na gaskiya ta shafin JAMB yake fitowa. Tun 2017 ake amfani da tsarin da ake kira CAPS, inda jami'a ke tura sunanka, JAMB ta amince, kai kuma ka shiga ka karɓa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka gurbi ta bayan fage, ka riƙe kuɗinka. Wanda ya shiga ba ta wannan hanya ba yakan gane kurensa ne a ƙarshe, lokacin tafiya bautar ƙasa.

Na biyar, a yi lissafin shekaru da kuɗi tun a gida. Kwasa-kwasan kimiyya shekara huɗu ne, injiniyanci da aikin gona biyar, da watannin koyon aiki a masana'anta ko gona a ciki. Yajin aikin malaman jami'o'i yakan ƙara tsawon tafiyar: na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 wata takwas. Kuɗin rajista kashi ɗaya ne kawai, akwai masauki, abinci, littattafai, da kwamfuta ga wanda kwas ɗinsa ke buƙata. Tun 2024 akwai asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ba shi da ruwa, ana kuma fara biya ne bayan an gama bautar ƙasa da shekara biyu. Bashi ne dai, a karanta sharuɗɗansa.

Sai maganar 'ya'ya mata. A gidaje da yawa a yankinmu, abin da ke hana yarinya wucewa jami'a ba ƙwaƙwalwa ba ce, nisa ne. Uba zai ce ba zai tura 'yarsa garin da ba zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya ba. Wudil ta rage ƙarfin wannan hujja. Daga Gaya ko Kademi mutum zai je ya ga 'yarsa ya dawo ya yi la'asar a gida. Yarinyar da ta fito daga Garko da kiredit ɗinta, in ta karanta kemistiri ko lissafi ta dawo ta koyar, ita ce za ta sa wasu iyayen su bar nasu 'ya'yan su zauna a ajin kimiyya, domin malamar mace ce kuma 'yar gida.

Aikin da ya rage

Waɗanda suka zauna a 1977 sun gane cewa daga ƙasa ake fara gini, suka fara da sakandare, jami'a ta biyo baya bayan shekara 24. Yau jami'ar tana nan, da ƙofarta a kan titin Gaya, amma tambayar da suka yi tana nan ita ma: yara nawa ne a makarantun je-ka-ka-dawo na ƙauyukanmu suke gama aji shida sun taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsu? Wanda ya haddace yadda ake auna asid a littafi, ranar jarrabawar gwaji ce ranar farko da zai ga kayan, kuma a nan kiredit ɗin kemistiri yake zubewa. Gurbin da aka yi shekara 13 ana jira sai ya tafi ga wanda iyayensa suka iya biyan makarantar kuɗi a birni.

Wannan ba aikin jami'ar kaɗai ba ne, ba kuma na gwamnati kaɗai ba. Ƙungiyoyin ɗalibai na Gaya da Ajingi da ke Wudil za su iya ware makonni biyu a hutun ƙarshen zango su koya wa ƙannensu lissafi da fiziks, su kuma zauna da su ranar cike fom. Tsofaffin ɗalibai za su iya haɗa kuɗin kayan gwaji na makaranta ɗaya, don na matakin sakandare ba su kai tsadar da ake zato ba. Kai kuma da kake aji huɗu ko biyar yanzu, in wata rana an aike ka Wudil cin kasuwar Juma'a, ka sauka a ƙofar jami'ar, ka nemi wani ɗan garinku da ke karatu a ciki ya zaga da kai. Ka ga ɗakin gwajin da idonka, ka tambaye shi darussan da ya zauna a JAMB da makin da ya ci, ka rubuta a takarda ka koma gida da ita.